'Yar Tsanwa Za Ta Gwanjo

Litinin, 6 ga Maris 2006, bayan la'asar

Yau na ga 'Yar Tsanwa a jarida. Ba da sunan nan suka kira ta ba, tunda ba su san ta ba. "Tsohuwar MG koriya, mai kujera biyu," haka aka rubuta, a ƙarƙashin janareto da firij, cikin kayan gidan Yaya Hadi na Maitama da za a yi gwanjonsu ranar ɗaya ga wata mai kamawa. A ɗakin malamai na gani. Malama Clara ce ta turo mini jaridar ta gefen tebur, ta ci gaba da duba littattafan 'yan ajinta kamar ba ita ba. Na gode mata da shirun nan.

Motar Baba ce. Duk unguwarmu ta Area 2 an san motar Baba ce. Ajiya aka kai ta Maitama, don mu nan ba mu da gareji sai gindin mangwaro. Da jami'an gwamnati suka zo rufe gidan, suka rufe har da ita.

Ban gaya wa Baba ba. Tun da aka kama Yaya bai taka ƙofar gida ba, ko masallacin layinmu. Yana ɗaki, rediyo na ta surutu, shi kuwa ba sauraro yake ba. Maganar mai gidan Maitama ta fi ƙarfina, na sani. Amma mota ba ta yi wa kowa laifi ba, kuma in dai ina numfashi sai na dawo wa tsohon nan da abarsa.

Laraba, 8 ga Maris, da yamma

Na roƙi hedimasta ya bar ni na je ofishin kwamitin da ke riƙe da kayan. Na sha zama a benci har ƙafata ta yi tsami kafin a tura ni wajen wata Madam Prudence, ƙatuwar mace mai tabarau a goshi, tana cin gyaɗa daga aljihun tebur.

Ta ce, "Madam, in motan na baban ki ne, me ya sa sunan brother ɗin ki ne a particulars?"

Na ce mata takardun asali gara ta cinye su tun muna yara, da aka gyara motar sai Yaya ya yi mata sabuwar lamba da sunansa, don kada a wahalar da tsoho da bin layi.

"Kowa haka yake faɗi," in ji ta. Na ji kamar in kife mata gyaɗar a ka. Amma sai ta sauke tabarau ta dube ni, ta ce akwai hanya. Baba ya zo da kansa ranar Talata ta ƙarshen wata, da shaida ɗaya wanda ya san motar, ya rantse a gaban kwamiti cewa tasa ce, ɗansa ba shi da haƙƙi a ciki. In ya yi haka za a cire ta daga gwanjo.

Shi ke nan? Ta ce shi ke nan. Na fito ina jin kamar an sauke mini tulu daga ka. Ashe matar ba ta da laifi, fuskarta ce haka.

Juma'a, 10 ga Maris, bayan an sauko daga masallaci

Bai je ba. Na goge wa Baba farar rigar masallaci a banza. Da a ce da ne, war haka ana jin ƙugin 'Yar Tsanwa daga kwanar layi, Yaya na tuƙi, Baba na gefe ya dafe hula.

Asabar, 11 ga Maris, da almuru

Na je Orozo neman Zacharias, makaniken da ya tayar da motar. Zafi kamar a tanda, bas ta tsaya a Nyanya ta tsaya a Karu, kowa na ɗiga. Garejinsa na bayan wata gonar rogo, tsofaffin motoci sun yi layi kamar marasa lafiya a asibiti.

Da ya gan ni ya cire hula. "Anti Fiddausi, yaya Oga?" Na ce yaya aiki. Ya gane ba na son zancen Yaya, bai sake tambaya ba.

Ina faɗin abin da ya kawo ni sai mutumin nan ya zauna a kan taya ya riƙe kai. "Za su sayar da shi? Motan da na kwana biyu a ƙarƙashin shi har matana ta ce in aure shi?" Daga nan ya ɓalle. Yadda aka kawo masa ita a bayan tirela, tsatsa ta cinye ƙasanta har kana hango ƙasa ta wajen ƙafar direba. Yadda ɓeraye suka yi gida a kujeru. Yadda suka jira kayan inji daga Ingila damina ta zo ta wuce. Fatar kujeru daga Kano aka jemo. Fenti kuwa ya ce sai da ya leƙa cikin murfin but, inda rana ba ta taɓa gani ba, ya samo ainihin koren, ya haɗa ya zubar, ya haɗa ya zubar, har ya dace.

Duk na san wannan, amma na bar shi ya yi. An daɗe ban ji wani ya ambaci abin da Yaya ya yi ba tare da ya rage murya ba.

Ya ce zai zo shaida ko da a ƙafa ne. Ya cika mini leda da mangwaro, kamar ba mu da shi a gida.

Talata, 14 ga Maris, bayan azahar

Na gaya wa Baba. Na daɗe ina kewaye-kewaye kafin na kai ga maganar, ashe ya sani. Wai maƙwabcinmu ya karanta masa jaridar ta taga tun ranar da ta fito. Mutane dai ba su iya kawo cefane, amma labari kam da gudu.

Na zayyana masa komai, rantsuwa da shaida da ranar zuwa. Ya ce, "Na ji." Na tsaya ko zai ƙara. Ya ƙara wa rediyo murya.

Alhamis, 16 ga Maris, da yamma

Na kai wa Yaya abinci can gidan yari. An caccaka tuwon da cokali kamar kullum kafin a bar ni in shiga da shi. Ya rame. Ya tambayi yaran, na ce suna lafiya, ko da yake tun da matarsa Sumayya ta tattara nata ya nata ta koma Kano da su ba ta ɗaga wayata. Ya ce in kawo masa silifa.

Ban gaya masa zancen gwanjo ba. Ban san ko tausayinsa nake ji ba ko haushinsa. Wallahi duka biyun, kuma kowanne na gajiyar da ni. A hanyar dawowa na yi ta lissafa mutanen da ke cika falon Maitama ranar Lahadi, masu "ranka ya daɗe" har ƙasa. Ban ci karo da ko ɗaya a bencin masu ziyara ba.

Juma'a, 17 ga Maris, da rana

Bai je ba.

Lahadi, 19 ga Maris, bayan la'asar

Yau na ga ƙarfin hali. Wani Alhaji Kure, dillalin da aka ba aikin gwanjon, ya yi sallama a ƙofarmu, da babbar riga da turare kamar mai zuwa ɗaurin aure. Wai masu sayen irin wannan mota daga Legas ba ƙarfen suke saye ba, labarin suke saye, shi ne ya zo a ba shi tarihinta. Wato ka ƙwace wa mutum akuya, ka dawo ka tambaye shi abin da ta fi son ci. Na buɗe baki zan wanke shi tas, sai na ji muryar Baba daga ɗaki: "Fiddausi, shigo da baƙo."

Na shigo da shi. Na kawo ruwa, ban sa ƙanƙara ba.

Alhaji Kure ya ce ya ji wai wani gwamna ne ya fara hawanta. Baba ya tashi zaune. Ya tashi zaune sosai, har ya jawo hula.

"Wane gwamna? Bature ne, injiniyan kuza a Bukuru. Shi ya shigo da ita ta jirgin ruwa, shi ya sa ka ga sitiyarinta a dama, tun kafin a canza hannu ne. Da zai koma gida ya sayar wa wani Kwara, Balarabe mai kantin yadi a Kano. Kwaran ƙiba ta hana shi shiga, ya ajiye ta yana kallo. A hannunsa na saya, shekarar ƙarin albashin Udoji, ina ƙaramin akawu a Kaduna."

Ya ba da labarin yadda abokan aikinsa suka sayi Vespa da firij, masu hankali suka sayi fili, shi ya dawo gida da mota mai cin mutum biyu. Yadda marigayiya Inna ta fito ta zagaya ta, ta ce, "To Malam Yamusa, yaran a ka za mu ɗauke su?" Yadda ake cusa mu a bayan kujeru ni da Yaya kamar buhun albasa. Yadda ta kawo kanta Abuja da ƙafarta da aka dawo da ma'aikatarsu, ta iso gindin mangwaron nan ta yi tari ta mutu, aka ɗora ta a kan duwatsu, kajin unguwa suka yi shekaru suna ƙwai a ciki.

Har dariya ya yi. Ina tsaye a bakin ƙofa da tire a hannu, ina jin muryar da na yi makonni ina nema, kuma wanda zai buga wa motar ƙararrawar gwanjo ne ya samo ta. Da aka zo kan wanda ya gyara ta sai Baba ya ce, "Sauran ka tambayi makanike." Ya koma ya kishingiɗa.

Da zai tafi na raka Alhaji Kure ƙofa na ce masa kada ya wahalar da alƙalaminsa, motar nan ba za ta shiga gwanjo ba. Ya yi murmushi ya ce, "Allah ya sa, Hajiya." Ban san me ya sa murmushin ya tsaya mini a rai ba.

Litinin, 20 ga Maris, da safe

Ba wuta, ba ruwa a famfo. Na gaji tun ban fita ba.

Alhamis, 23 ga Maris, da yamma

Zacharias ya zo don mu daidaita abin da zai faɗa. Muka zauna a gindin mangwaro. Komai na tafiya daidai, sai ya fara murza hula.

"Anti, akwai abu ɗaya. Ranan da muka kawo motan, kin tuna? Oga ya durƙusa ya ba Baba makulli. Baba ya riƙe, ya mayar mishi, ya ce Allah ya yi maka albarka, riƙe ta, taka ce. Ina wurin. In sun tambaye ni fa?"

Na tuna mana. Duk layin nan an fito, yara na shafa fenti ana korarsu. Na ce masa ai wannan magana ce irin ta manya. In na yaba mayafin Malama Clara za ta ce ɗauki mana, naki ne, kuma da na ɗauka da ta kira mini 'yan sanda. In ka shiga gidan mutum zai ce gidanka ne, ba wanda ya taɓa zuwa da mai awon fili. Kara ce, ba kyauta ba.

Ya ce, "Haka ne, Anti." Na ce to ba wanda zai tambaye shi, kuma abin da ba a tambaya ba ba a amsa shi. Ya sake cewa haka ne. Tagar Baba a buɗe take, sai bayan ya tafi na lura.

Juma'a, 24 ga Maris, bayan Juma'a

Bai je ba. Na shiga na ce, "Baba, Talata ce fa." Ya ce Allah ya kai mu. Na ce kalma biyu ce kawai, tawa ce, shi ke nan mu dawo da ita, ni zan koyi tuƙi in riƙa kai shi masallaci. Ya dube ni ya ce, "Ke da ko keke?" Na yi dariya don ya yi. Bai yi ba.

Litinin, 27 ga Maris, da almuru

Na sake goge farar rigar. Hadari ya haɗu ta gabas ya watse, ya bar mu da zafin.

Talata, 28 ga Maris, bayan magariba

Ban san ta inda zan fara ba.

Ya shirya da kansa, ya yi alwala, ya riga ni fita. Rabonsa da rana ya sa yana ƙifta ido kamar jariri. Na ɗauki tasi. Zacharias na jiranmu a bakin ofishin da kwat ɗin coci, gumi na bin wuyansa.

Mutum uku ne a kan tebur, Madam Prudence a gefe tana rubutu. Zacharias ya yi nasa tsaf, ba wanda ya tambaye shi komai bayan wannan. Na ce a raina an gama. Wani dattijo a cikinsu ya ɗauko Alƙur'ani a cikin gafaka ya ajiye gaban Baba, ya ce cikin ladabi, "Baba, za ka rantse motar nan taka ce, ɗanka ba shi da haƙƙi a cikinta."

Baba ya dubi gafakar. Hannunsa na kan gwiwa, bai ɗaga ba.

Ya ce, "Ni na saye ta. Amma na ba shi."

Na ce, "Baba!" Dattijon ya ɗaga mini hannu.

Madam Prudence, Allah ya saka mata, ta ajiye biro ta ce, "Baba, ka yi tunani. An rubuta? Ba a rubuta ba. Irin maganan da iyaye suke yi ne, ni ma mamana tana yi. Ba wanda zai kama ka da shi."

Baba ya ce, "Da bakina na faɗa, a gaban mutane. Lokacin yana da gida da masu gadi, ana tashi in ya shigo, ban ce na fasa ba. Yau ne zan zo in ce na fasa?"

Dattijon ya janye gafakar a hankali. Ya ce, "Ka san abin da wannan ke nufi, Baba?" Baba ya ce ya sani, ya yi musu godiya, ya nemi sandarsa.

A tasi na juya fuskata wajen taga. Zacharias na gaba yana share fuska da hankici, wai zafi. Na yi makonni ina yawo tsakanin ofis da Orozo da can, na bar 'yan ajina a hannun mutane, na zubar da mutuncina a benci, tsohon nan ya rushe komai da numfashi ɗaya. Raina ya ɓaci, kuma har yanzu a ɓace yake. Na dafa masa tuwo na ajiye a ƙofa ban shiga ba.

Laraba, 29 ga Maris, da yamma

Ba na masa magana, shi ma bai nema ba. Ya cinye tuwon jiya tas, abin da ya daɗe bai yi ba. Wannan ma haushi ya ba ni.

Asabar, 1 ga Afrilu, bayan la'asar

Na ce ba zan je ba, sai ga ni a Maitama. Na tsaya a tsallaken titi tare da direbobi da masu gadin maƙwabta. An buɗe get, an kafa rumfa a kan ciyawar da Sumayya ke hana yara takawa. An sayar da firij, an sayar da janareto, har labule.

Sannan aka turo ta. An wanke ta, an sauke rufin. Ban taɓa ganin ta yi kyau haka ba, 'yar banza. Alhaji Kure ya ɗauki lasifika ya karanto tarihinta, Baturen Bukuru, Kwaran Kano, akawun Kaduna, har da kajin. Mutane suka yi dariya a daidai inda Baba ya yi. Bai ƙara gwamna ba, wannan kam na ba shi. Da ya zo kan mai ita na ƙarshe sai ya ce "wani bawan Allah," ya wuce.

Wani saurayi mai waya a kunne ne ya yi ta ɗaga hannu a madadin wani da ba ya wurin. Aka buga ƙararrawa. Ya shiga ta hagu, ya tarar ba sitiyari, ya fito ya zagaya, direbobin da ke kusa da ni suka kwashe da dariya. Ban tsaya ganin fitarta ba.

Da na dawo Baba na zaune a gindin mangwaro, a waje. Ya ce, "An yi?" Na ce an yi. Ya ce, "Gobe ki dafa da yawa. Tare za mu."

Lahadi, 2 ga Afrilu, da yamma

Mun je can tare. Gandiroban da ke caccaka tuwo ya ga Baba ya rage caccakar. Muka zauna a benci har aka fito da shi.

Da Yaya ya ga wanda ke zaune sai ya tsaya cak. Ya zo ya durƙusa a kan siminti, kansa a ƙasa. Baba bai dube shi ba, dama ba ya duban sa kai tsaye, ɗan fari ne. Bango yake kallo. Suka gaisa kamar waɗanda suka rabu jiya, ya zafi, ya jiki. Na buɗe kwano don in sami abin yi.

Can Baba ya ce, "Jiya an sayar da motarka."

Yaya ya ɗago. "Wace mota? 'Yar Tsanwa? Baba, ai taka ce! Fiddausi, ba ku gaya musu ba? Ai da kun je kun ce..."

"Mun je," in ji Baba. "Sun tambaye ni mai ita, na gaya musu."

Yaya ya dube ni. Na kau da kai, don ba ni zan fassara masa ba. Na ga lokacin da ya gane. Ƙaton mutum, mai furfura a gemu, ya kifa goshinsa a kan gwiwar Baba yana kuka kamar an yi mutuwa, mutanen benci na kallo. Baba bai ɗaga shi ba, bai kuma janye ƙafarsa ba. Ya ɗora masa hannu a ƙeya, yana kallon bangonsa.

"Ya isa," ya ce. "Tashi ka ci, tuwon zai huce."

Ni dai har yanzu ban huce ba, kuma ban san ranar da zan huce ba. A hanyar dawowa Baba ya tambaye ni ranakun da ake barin ziyara, na gaya masa, ya ce in riƙa tashinsa da wuri.